Bairos Mai Cin Bakteriya: Yaya Garkuwar Jiki Ke Karɓar Sa?

Duk mai wayar Android ya san yadda manhajar tsaro kan toshe wata manhaja mai amfani don kawai ba ta san ta ba. Kusan haka ke faruwa a jikin mutum idan aka yi masa magani da fej.

Mene ne fej?

Bairos ne da bakteriya kaɗai yake kamawa. Yakan manne a jikinta, ya ɗura mata bayanan halittarsa, ya hayayyafa a cikinta har ta fashe. Félix d'Hérelle ne ya bayyana shi a Faransa a 1917, kuma cibiyar Eliava da ke Tibilisi, ƙasar Jojiya, da aka kafa a 1923, har yau tana magani da shi.

Likitoci sun sake waiwayar sa ne saboda bakteriya na bijire wa magunguna. Mujallar Lancet ta ƙiyasta cewa hakan ya kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki.

Inda suke haɗa kai

A 2017, masana a cibiyar Pasteur ta Faris sun gwada fej a kan ɓeraye masu ciwon huhu. Masu cikakkiyar garkuwa sun warke. Waɗanda aka raba da wani nau'in fararen ƙwayoyin jini kuwa, maganin bai cece su ba. Wato fej na rage yawan bakteriya, sojojin jiki su ƙarasa sauran.

Inda suke karo

Jiki dai baƙo yake ɗaukar fej. Hanta da saifa kan tace shi daga jini, sannan garkuwa ta ƙera sinadaran da ke ɗaure shi. A 2021 an ba da rahoton wani dattijo ɗan shekara 81 a Amurka da aka yi wa allurar fej ta jijiya. A watan farko bakteriyar huhunsa ta ragu. Bayan wata biyu jikinsa ya gane baƙon, ya kashe masa kaifi, cutar ta dawo.

Shi ya sa masana ke gwada shaƙa shi ko shafa shi a kan miki, da kuma sauya nau'in fej kafin jiki ya haddace shi.

Har yanzu fej bai iso kemis ɗin Toranke ko na Gaya ba. Matashin da ke sayen kafso biyu don mura, ba tare da ganin likita ba, horar da bakteriya yake yi a kan maganin da ake da shi a hannu.