Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa: Yadda Za a Hana Ruwa Cin Rodi

Ramin da aka haƙa da rani aka gan shi a bushe, ba shi ke nuna halin fili ba. Sai Agusta, ƙasa ta ƙoshi, ruwa ya taso ya tokare bayan bango. A zurfin mita 1 cikin ruwan, kowace murabba'in mita tana ɗaukar matsin kusan tan 1, a mita 3 kuma tan 3.

1. Ka tambayi dattawan unguwa tarihin filin. A Kano gidaje da yawa kan kududdufin da aka cike suke zaune. Fili irin wannan, ko na fadama, a bar injiniya ya yanke hukunci kafin a sa diga.

2. Daga waje ake tare ruwa. Kafin a mayar da ƙasa, a lulluɓe bayan bangon da kwalta ko shimfiɗar roba mai hana ruwa, musamman inda zubin kankare na jiya ya haɗu da na yau. A gindi a kwantar da bututu mai huji cikin tsakuwa ya riƙa janye ruwan.

3. Rodi ya nutse cikin kankare aƙalla santimita 5 ta ɓangaren ƙasa. A nan ne masu gini ke yawan yin ha'inci, kuma abin na ci mini rai, domin mai gida ba zai gani ba sai bayan shekaru. Siminti ne ke kare ƙarfe. Da danshi da iska sun kai ga rodin, sai ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta ninka kaurinsa, ta fasa kankaren daga ciki, ƙarin ruwa ya samu hanya. Yashi ko ruwa mai gishiri a wajen kwaɓi yana gaggauta wannan ɓarna.

4. Indararo da sokawe su yi nesa da bangon.

5. In ka ga danshi, manna leda a wurin, ka liƙe gefunanta kwana 2. Jiƙa ta bayan leda daga bango take. Ta gaba kuwa rashin iska ce.

6. Farin gishiri, fenti mai ɓarewa, ko jan tsiri mai gangarowa, kada a rufe su da tayil ko sabuwar filasta. Jan tsirin nan rodi ne ya fara tsatsa. A fasa wurin, a kankare ƙarfen, a toshe tsagar, sannan a shafe.

7. Soket su hau sama. In ruwa ya taru, a kashe wuta daga babban layi kafin kowa ya sauka.