Tankin Murjani: Riƙe Alkaliniti, Gyara Iskar Ɗaki

Sabon shiga a kiwon murjani, da zarar ya ga ma'aunin pH ya nuna 7.8 da asuba sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauko kwalbar maganin ɗaga pH ya zuba a tanki. Gobe ya ƙara, jibi ya ƙara. Kafin ya ankara alkaliniti ya haura 13, kan rassan murjani ya fara fari, ɓawo ya kama famfo, pH kuwa da an kwana sai ya koma gidan jiya. Ina roƙonka, kada ka bi wannan hanya.

Abubuwan nan biyu suna da alaƙa, amma kowanne da aikinsa. pH yana gaya maka yawan tsamin ruwa a wannan lokacin da ka auna. Alkaliniti kuwa rumbu ne na kabonet da baikabonet: shi ke tare tsami, kuma daga cikinsa murjani ke ɗiba kullum, ya haɗa da kalsiyam ya gina ƙashinsa. Ruwan teku na asali, irin wanda murjanin Bahar Maliya ke ciki a gaɓar Port Sudan, pH ɗinsa yana kusa da 8.1. A tanki, ko'ina tsakanin 7.8 da 8.4 ba abin damuwa ba ne. Alkaliniti ana auna shi da dKH. Yawancin tekuna suna wajen 7, a tanki kuma daga 7 zuwa 11 duk murjani na rayuwa. Ni na fi son 8 ko 9, domin akwai sarari sama da ƙasa. Tankin da ya zauna daram a 7.5 ya fi wanda ke yawo tsakanin 8 da 11 zaman lafiya nesa ba kusa ba, musamman idan yana da Akropora, murjanin da ba ya yafe sauyi na gaggawa.

Fara da sanin abin da tankinka ke ci. Auna alkaliniti yau, kada ka zuba komai, ka sake aunawa gobe da jibi a daidai wannan sa'a. Abin da ya ragu kowace rana, shi za ka riƙa mayarwa. Bekin soda na kicin ya wadatar: giram 3 a lita 100 yana ɗaga kusan dKH ɗaya. Narkar da shi a tataccen ruwa, ka zuba a hankali inda ruwa ke gudu, kuma kada ka ɗaga fiye da dKH ɗaya a yini. Idan ka gasa shi a oben kamar sa'a ɗaya zai koma sodiyam kabonet, wanda ya fi ƙarfi kuma yake ɗaga pH, saboda haka sai ka rage yawansa. Kanwa fa? Gaskiya ne danginsu ɗaya, amma tana ɗauke da ƙasa da wasu gishirai da ba ka san adadinsu ba. Bar ta a kicin.

Duk dKH 2.8 da murjani ya ci, yana tafiya da kalsiyam kusan ppm 20. Shi ya sa alkaliniti ke saurin faɗuwa a ido alhali kalsiyam kamar bai motsa ba. Riƙe kalsiyam tsakanin 380 da 450, magnesiyam wajen 1,300. Kada ka zuba ruwan kalsiyam da na soda a lokaci guda a wuri guda; za su haɗu su zama farin gari, ka yi asarar duka biyun.

Yanzu ga pH. Idan alkaliniti yana daidai amma pH ya ƙi tashi, laifin kusan kullum na iskar kabon ne. Da rana, ƙananan tsirran da ke zaune a jikin murjani suna shanye ta, pH ya hau. Da dare kowa na fitar da ita, pH ya sauka. Wannan hawa da sauka ɗabi'ar tanki ce. Matsalar tana ɗakin. Iskar waje tana da kabon wajen ppm 420, amma falon da aka rufe ruf saboda na'urar sanyaya ɗaki, ga mutane ga girkin gas, yana iya wuce 1,000, ruwa kuma yana shaƙa. Gwajin da masanin sinadarai Randy Holmes-Farley ya koya wa masu wannan sha'awa mai sauƙi ne: ɗebi kofi ɗaya na ruwan tanki, ka auna pH ɗinsa, ka hura masa iska da ɗan famfon kumfa a tsakar gida na sa'a guda, ka sake aunawa. Maimaita a cikin ɗaki. Idan pH ya tashi a waje kaɗai, iskar ɗakinka ce. Idan ya tashi a ciki ma, tankin ne ba ya samun motsi a samansa.

Magani sai ya biyo dalili. Buɗe taga. Ja siririn tiyo daga waje zuwa bakin na'urar kumfa mai tsamo datti, nesa da hayaƙin janareto, ka sa masa ɗan auduga saboda ƙurar hunturu. In kana da ƙaramin tanki a ƙasa, shuka ciyawar teku a ciki, ka kunna mata fitila da dare lokacin da babban tanki ke duhu. Akwai kuma kalkwasa, ruwan kalsiyam haidiroksaid da Peter Wilkens ya yaɗa a Turai: yana ba da kalsiyam da alkaliniti tare, yana cinye kabon. Amma pH ɗinsa ya haura 12, don haka ɗigo-ɗigo ake sa shi, da dare, a madadin ruwan da ya ƙafe. Nemi mai tsabta. Farar ƙasar magina ba ta shiga tanki.

Kafin ka yarda da kowace lamba, daidaita ma'aunin da ruwan gwaji na 7 da na 10 duk wata. Kuma a inda ake yawan ɗauke wuta, tanadi famfon iska mai batir tun kafin ka sayi murjanin farko, domin idan ruwa ya tsaya cik da dare, iskar shaƙa ke fara ƙarewa, kifi ya galabaita kafin gari ya waye.