Ƙwaya 100 cikin tsumma

Wani dare, wurin karatunmu na manya, wani dattijo ya zo da ƙara. Ya ce: "Malam, ɗiyata da ke lakwal ta shiga rumbu ta ɗebi irin hatsina. Na tambaye ta, ta ce wai mushe ne ya ce kowa ya zo da ƙwaya 100 da tsohon tsumma. To, wanga karatu ne ko wasa?" Duk muka yi dariya. Sai na ce mashi: "Baba, ƙyale yarinya. Aikin da mushe ya ba ta, kai za ka ci amfaninshi."

Yaran aji 5 da aji 6 sun riga sun iya ƙidaya da rubutu. Abin da ya rage masu shi ne su ga inda lissafi yake aiki. Malami mai dabara ba ya barin su da allo kaɗai. Yana sa su taɓa abu da hannu, su auna, su ƙirga, su rubuta abin da suka gani. Gwajin iri yana cikin irin wannan aiki. Ku ma kuna iya yin shi a gida, ba a sayen komi.

Ga yadda ake yi. A ɗebi iri daga wuri uku ko huɗu: bakin buhu, tsakiya, da ƙasa. In zangarniya ce, a murza daga damma daban-daban. A gauraya. A ƙirga ƙwaya 100. Kada a zaɓi masu kyau kaɗai! Wanda ya zaɓa, kanshi ya cuta, don ranar shuka ba zaɓe zai yi ba. A jiƙa tsumma mai tsabta, a matse shi, a shimfiɗa. A jera ƙwayar layi 10, kowane layi ƙwaya 10. Nan yaro zai gani da idonshi cewa 10 sau 10, 100 ke nan. Sai a rufe da wani jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe kamar tabarma, a aje cikin inuwa, inda kaza da ɓera ba su kai.

Kullum safe da marece a yayyafa ruwa kaɗan. Tsumman ya zauna da laima, amma kada ya yi tsamo-tsamo. Hatsi ba ya daɗewa: kwana 3 za ku ga tsiro ya fara fitowa. Wake da gyaɗa sun fi nawa kaɗan. Ranar da aka cika kwana 7, a warware tsumma, a ƙirga waɗanda suka tsira. Wadda ta ruɓe, ko ta yi funfuna, ko ta zauna yadda take, ba a sa ta cikin lissafi.

In 85 suka tsira, sai a ce kashi 85 cikin 100. A takarda ana rubuta shi haka: 85%. Kun sha jin wannan magana a rediyo, "kashi kaza cikin ɗari". To, ga ta nan cikin tsumma. In iri ya ba da 80 ko fiye, mai kyau ne. In ya tsaya wajen 60 ko 70, a ƙara ƙwaya cikin kowane rami. In bai wuce 50 ba, shawarata ita ce a nemi wani iri tun da sauran lokaci. Shi ya sa ake yin gwajin nan tun cikin bazara, ba ranar da hadari ya haɗu ba.

Mu duba batun kuɗi. A ce ka sayi tiyar iri jika guda, wato dala 200. Ka gwada, 50 kaɗai suka tsira. Rabin tiyar matacce ne. Ke nan irin da zai fito, ka saye shi kamar jika 2 tiya guda. Asarar ma ba ta tsaya nan ba. Ka shuka da ruwan fari, gona ta fito gurbi-gurbi, sai ka koma dashe ko sabuwar shuka. Sati biyu sun tahi. A ƙasarmu damana wata uku ce zuwa huɗu. Mai gona ya san abin da sati biyu ke nufi.

Gyaɗa tana da tsada, wani ba zai so ya ba da ƙwaya 100 ba. Ba komi. A gwada 50, abin da ya tsira a riɓa shi sau 2. In 40 suka tsira cikin 50, daidai yake da 80 cikin 100.

Wani lokaci mushe yana ƙara wata dabara. Yana kasa iri kashi uku. Na farko cikin busasshen tsumma. Na biyu cikin jiƙaƙƙe. Na uku a nutsa shi cikin kwano cike da ruwa, a bar shi nan. Kafin a duba, sai ya tambayi yara: "Wanne zai tsira?" Da yawa suna cewa na cikin kwano, tun da shi ya fi samun ruwa. Bayan kwanaki sai su tarar na jiƙaƙƙen tsumma ne ya fito da kyau. Busasshen yana nan yadda yake, na kwano kuwa ya kumbura ya fara wari. Ashe ƙwaya tana numfashi: ban da ruwa, tana son iska da ɗumi. Ba ta buƙatar ƙasa a kwanakin farko, don guzurinta yana cikin cikinta. Ni dai na fi son yaro ya faɗi amsa ta kuskure, tsumma ya gyara mashi, da a ce ya hardace abin da bai taɓa gani ba.

In iri ya yi kyau, saura ruwa. Shi ma yara suna auna shi. A sami gwangwani wanda bakinshi da gindinshi faɗi ɗaya ne. A aje shi tsaye bisa tubali, a fili, nesa da icce da indararo. In an yi ruwa, a tsoma siririn kara har ƙasa, a fid da shi, a auna inda ya jiƙa da abin jan layi na yara, mai lambobi. Santimetir 1 shi ne milimetir 10. A auna da sassafe, kafin rana ta sha ruwan. A rubuta ranar da yawan ruwan cikin kaye, a zubar, a mai da gwangwani wurinshi.

Milimetir 1 kamar ba komi ba ne. Amma yana nufin litir 1 ya zuba bisa kowane wuri mai tsawon metir 1 da faɗin metir 1. Ɗauki gona mai metir 100 tsawo, metir 100 faɗi. In aka yi ruwa milimetir 20, ta sha litir dubu 200, wato tano 1000 mai cin litir 200. Malaman gona suna son ruwan shuka ya kai wajen milimetir 20 ɗin nan. Wanda ya kasa haka da nisa, bisan ƙasa kawai ya jiƙa. Iri yana iya tsira, rana ta ƙone shi.

Bayan sati guda dattijon nan ya komo da tsumman ɗiyarshi a aljihu. Mun ƙirga tare a gaban aji: 62. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce bari ya gwada na ɗaya rumbun kafin ranar kasuwa.

Aiki:
1. An gwada wake 50, 35 suka tsira. Kashi nawa ke nan cikin 100?
2. Kara ya jiƙa santimetir 3. Milimetir nawa aka yi?
3. Ku gwada irin gidanku, ku zo da lambar sati mai zuwa.