Kada tsoho ya daina motsi: darasi daga Koriya ta Kudu

A Koriya ta Kudu, matsakaicin tsawon rai ya kai wajen shekara 83, kuma a Disambar 2024 waɗanda suka kai 65 zuwa sama suka zarce kashi 20 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Rai ya yi tsawo. Abin damuwar shi ne shekarun ƙarshe, waɗanda da yawa ke cinyewa a kwance, wani na ɗagawa wani na kwantarwa.

Tsarin inshorar lafiya na ƙasar yana duba lafiyar manya duk shekara biyu, a auna jini da sukari, a tambayi mutum sau nawa yake motsa jiki a mako. Daga wannan rumbun bayanai ne masana na Jami'ar Ƙasa ta Seoul suka bi sawun mutum fiye da miliyan ɗaya masu shekara 60 zuwa sama, aka buga sakamakon a mujallar European Heart Journal a ƙarshen 2019. Waɗanda a da ba sa motsa jiki, suka fara yi sau uku ko huɗu a mako, haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya ragu musu da kashi 11 cikin ɗari. Waɗanda kuwa suka saba yi fiye da sau biyar a mako sannan suka daina, nasu ya ƙaru da kashi 27. Gaskiya ne wasu rashin lafiya ce ta zaunar da su tun farko. Duk da haka ni wannan adadi na biyu ya fi tayar mini da hankali, domin sau da yawa 'ya'ya ne ke zaunar da iyaye da sunan tausayi: "Baba, ka huta, za a yi maka."

Duk wanda ya je gindin dutsen Bukhansan a Seoul da safiyar Asabar zai ga tsofaffi maza da mata, sanda biyu a hannu, jaka a baya, sun sauko daga jirgin ƙarƙashin ƙasa da mai shekara 65 ke hawa kyauta. A lambunan unguwa ga ƙarafan motsa jiki an kafa, kowa ya zo ya juya kafaɗa da ƙugu. Sai dai tafiya kaɗai ba ta tsare tsoka. Da tsufa naman cinya da na damtse yana zagwanyewa, daga nan sai tashi daga zaune ya gagara, sai faɗuwa, sai karayar ƙugu. Haka kuma wahala ba motsa jiki ba ce. Tsofaffin da talauci ya sa suke tura amalanken kwali a titunan Seoul suna wuni a tsaye, amma baya da gwiwa ke biyan kuɗin.

To me za a yi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shekara 65 zuwa sama ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato tafiyar da za ka iya magana amma numfashi ya ɗan hau. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti goma bayan cin abinci, ya riƙa ƙarawa. Aƙalla kwana biyu a mako a yi aikin ƙarfi: a zauna kan kujera mai ƙwari, a miƙe ba tare da dafa komai ba, sau goma, a huta, a sake. Kwana uku kuma a gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango, saboda jiki ya daina tangaɗi. Tsoka tana son abinci, don haka a haɗa da ƙwai, kifi, wake ko awara, wadda Koriyawa ma ke ci sosai.

Mai hawan jini ko ciwon sukari shi ma ya motsa, bayan ya yi shawara da likitansa. Idan ƙirji ya riƙe, ko jiri ya zo, ko numfashi ya sarƙe, a tsaya nan take a nufi asibiti. Wanda jinya ta kwantar kuma, da zarar likita ya ba da izini ya koma tafiya, ko da daga ɗaki zuwa zaure ne, wani na riƙe da hannunsa.