Amsoshin Tambayoyin Masu Sauraro: Zana Da'irar Lantarki da Gwada Ta a Kwamfuta

 Tambayoyin da masu sauraro suka aiko wa shirin a wannan mako sun karkata ga manhajojin da ake zana da'irar lantarki da su, wato hanyar da wuta ke bi ta cikin sassa irin su resista da kafasita da tiransista har ta komo inda ta faro, da kuma manhajojin da ke kwaikwayon aikin da'irar kafin a taɓa dalma ko waya.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani ɗalibin injiniyanci a Zariya, wanda ya ce a aji ana koyar da su da Proteus, manhajar da sai an biya kuɗin lasisi ake mallakarta, kuma yana son ya san ko akwai wata da za ta yi masa aikin ba tare da ya ɗora kwafin sata a kwamfutarsa ba. Amsar ita ce akwai, amma wajibi ne mai tambayar ya bambance manhajar kyauta da manhaja mai buɗaɗɗen tushe, domin ana yawan cakuɗa su. Kowace manhaja tana da rubutaccen umarni da masu shirya ta suka tsara, kuma wannan rubutu shi ake kira tushe. Idan aka buɗe shi ga kowa ya karanta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu bisa lasisi irin GPL, to manhajar ta zama mai buɗaɗɗen tushe. LTspice, alal misali, kyauta ce kuma tana da inganci ƙwarai, sai dai tushenta a rufe yake a hannun kamfanin Analog Devices, wanda ya sayi Linear Technology a 2017. Muhimmancin wannan bambanci ya fito fili a kan EAGLE, manhajar da ɗimbin masu sha'awar lantarki suka dogara da ita shekara da shekaru: kamfanin Autodesk ya saye ta a 2016, daga baya kuma ya sanar cewa zai daina sayar da ita da kula da ita a watan Yuni na 2026, alhali masu amfani da ita ba su da ta cewa.

Wadda shirin zai fara nuna wa ɗalibin ita ce KiCad, wadda Jean-Pierre Charras, malami a wata cibiyar koyon fasaha da ke Grenoble a Faransa, ya fara rubutawa a 1992. Ta daɗe ana yi mata kallon kayan masu ƙaramin ƙarfi, har zuwa 2013 da cibiyar binciken nukiliya ta Turai, CERN, ta sa injiniyoyinta cikin aikin inganta ta. A cikin KiCad mutum yana fara zana tsarin da'irar da alamomi, sannan ya koma ga zanen allon da za a dasa sassan a kansa, inda yake shimfiɗa layukan tagulla da za su maye gurbin wayoyi, kuma tun daga fitowa ta 5 a 2018 an haɗa mata injin kwaikwayo a ciki. Akwai kuma eSim, wadda aka tsara a cibiyar fasaha ta IIT Bombay a Indiya domin ɗalibai, kuma a kan KiCad ɗin aka gina ta.

Wani mai gyaran rediyo da inbata daga Maraɗi ya yi tambayar da ta fi kowace zurfi, inda ya ce ta yaya kwamfuta za ta san abin da da'ira za ta yi alhali babu wutar da ta ratsa ta. Lissafi ne tsagwaronsa. Tun 1845 Gustav Kirchhoff ya bayyana cewa yawan wutar da ke shiga kowace mahaɗa daidai yake da wanda ke fita daga cikinta, kuma idan aka haɗa wannan da dokar Ohm, wadda ta danganta ƙarfin wuta da kwararta da turjiyar abin da take bi, kowace da'ira tana iya zama jerin lissafai da kwamfuta ke warwarewa cikin ƙiftawar ido. Manhajar da ta kafa wannan hanya ita ce SPICE, wadda Laurence Nagel ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka ƙarƙashin kulawar Farfesa Donald Pederson, aka gabatar da ita a 1973, sannan SPICE2 ta biyo baya a 1975. Pederson ya dage a kan a bar ta a buɗe ga kowa, kuma wannan ne ya sa galibin manhajojin kwaikwayo na yau, har da na kuɗi, zuriyarta ne. Wadda ke cikin KiCad sunanta ngspice, kuma daga fitowar ƙarshe ta Berkeley, wato SPICE3f5, aka samo ta.

Gwaji iri uku ne mai gyaran zai fi bukata. Na farko yana nuna ƙarfin wuta a kowace mahaɗa idan komai ya natsu. Na biyu yana zana yadda wutar ke hawa da sauka a tsawon lokaci, kamar yadda na'urar osiloskof ke nunawa. Na uku kuma yana nuna yadda da'irar ke karɓar sigina mai saurin kaɗawa da mai jinkirin kaɗawa. Idan aka haɗa resista mai om 1,000 da kafasita mai maikurofarad 1 a matsayin matata, manhajar za ta nuna cewa sigina na fara raunana sosai daga wajen kaɗawa 159 a daƙiƙa, adadin da mai alƙalami da takarda ma zai samu. Amfanin kwamfutar yana bayyana ne idan sassan suka kai hamsin, ko kuma idan ana son sauya ƙimar guda ɗaya sau ashirin ba tare da an ƙona tiransista ko ɗaya ba, abin da duk mai sayen kayan gyara da kuɗin aljihunsa ya san darajarsa.

Wata malama da ke koyarwa a kwalejin fasaha a Sakkwato ta rubuto cewa ɗalibanta sun gwada da'irar cajin batir da hasken rana a kwamfuta ta yi kyau, amma da aka harhaɗa ta a zahiri sai awon ya saɓa, shin laifin manhajar kyauta ne? Ba laifinta ba ne, kuma da an yi aikin da manhaja mafi tsada, sakamakon ɗaya zai kasance. Kwamfuta ba ta san tiransistar da ke hannun ɗalibi ba. Abin da ta sani shi ne samfurin lissafi, wato jerin lambobin da ke siffanta halayen wannan tiransista, wanda galibi kamfanin da ya ƙera ta ne ke bayarwa. Idan samfurin na wata tiransista ce daban, ko kuma wadda aka sayo a kasuwa jabu ce da aka buga mata lambar ta ainihi, lissafin zai fito daidai a kan abin da ba shi ne ke kan tebur ba. Bayan haka, sassan kansu ba sa cika ƙimar da aka rubuta musu: resista mai zoben zinare tana iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari, kafasita irin ta gwangwani kuma sau da yawa har kashi 20.

Akwai wani dalilin da ya shafi garin malamar kai tsaye. SPICE tana ɗauka cewa zafin wurin digiri 27 ne a ma'aunin Selshiyos muddin ba a faɗa mata wani adadi ba, alhali a Sakkwato zafin bazara yana wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe da ke kusa da batir. Halayen diyod da tiransista suna sauyawa da zafi, domin ƙarfin wutar da diyod ɗin silikon ke riƙewa yana raguwa da kimanin milibolt 2 a kowane digiri, saboda haka ya dace ɗaliban su maimaita gwajin a digiri 50 ko 60 su ga ko da'irar za ta jure. Kurakurai biyu na masu koyo su ma sun cancanci a duba su. SPICE ba ta aiki sai an nuna mata mahaɗar ƙasa, wadda take ba lamba 0 kuma take auna sauran daga gare ta. Sannan a wurinta harafin M yana nufin kashi ɗaya cikin dubu ne, don haka wanda ya rubuta 1M yana nufin om miliyan ɗaya ya saka resistar da kusan waya ce kawai; abin da ake rubutawa shi ne 1MEG. Hukuncin shirin a nan shi ne kada malamar ta karɓi aikin da aka tsaya a kan allon kwamfuta, sai an harhaɗa shi an auna da mita an kuma bayyana dalilin kowane saɓani, domin a wannan bayanin ne ake gane ɗalibin da ya fahimci darasi.

Tambaya ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani mai sauraro a Kumasi da ke son sanin ko wayar hannu ta isa, da kuma yadda zane ke zama allo na gaske. KiCad tana bukatar kwamfuta mai Windows ko Linux ko macOS, amma da zarar an sauke ta ba ta neman intanet, kuma lasisinta ya halatta a kwafe ta a filasha a ba wani. Mai waya kaɗai yana iya farawa da CircuitJS, wadda ta samo asali daga aikin Paul Falstad, tana buɗewa a burauza kuma tana nuna wuta na tafiya a cikin wayoyi, ko da yake ta fi dacewa da koyo fiye da aikin sana'a. Idan zanen allo ya kammala, KiCad tana fitar da fayilolin Gerber, waɗanda su ne tsarin da masana'antun buga allo ke karɓa, kuma kafin a aika ya kamata a sa manhajar ta bincika tazarar layukan tagulla, musamman a duk da'irar da za ta taɓa wutar gida mai bolt 230, inda layuka biyu da suka matsu da juna ke iya haddasa tartsatsi da gobara.