Abin da Ke Sa Kanari Waƙa

Duk mai kiwon kanari ya san namiji ne gwanin waƙa. Dalilin yana cikin jini. A ƙasashen sanyi, idan hunturu ya wuce yini ya fara tsawo, ƙwaƙwalwar namiji takan aika saƙo zuwa marainansa, su kuma su zuba sinadarin testosteron cikin jini. Irin waɗannan sinadarai masu kai saƙo tsakanin sassan jiki su ake kira homon.

A shekarar 1981, Fernando Nottebohm na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya nuna cewa sashen ƙwaƙwalwar kanari mai kula da waƙa yakan girma lokacin barbara, ya motse bayansa. Ko mace aka ba wannan sinadari, takan yi waƙa kusan irin ta namiji.

Sai dai abin yana da illa. A tsuntsun janko na Amurka, mazan da aka ƙara wa testosteron sun ƙara waƙa, amma sun rage ciyar da 'ya'yansu. Ke nan, yaɗuwar iri tana bukatar jawo mace da kuma rayar da 'ya'ya, homon ne kuma ke daidaita tsakaninsu.