Gano Zuriyar Bayi a Tsoffin Wasiyyoyin Amurka

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko da tambaya: ta yaya baƙaƙen fatar Amurka ke gano kakanninsu da aka bautar?

To malam, galibi daga takardun gado ake farawa. Kafin 1870, ƙidayar jama'ar Amurka ba ta rubuta sunayen bayi, sai adadinsu, ko shekaru da jinsi a ƙarƙashin sunan ubangidansu. A wasiyya kuwa sau da yawa akan ambace su, tunda dukiya aka ɗauke su. Sai ka ga mai gona ya bar wa 'yarsa baiwa wance da duk abin da za ta haifa. Tun 1662 dokar Virginia ta ce ɗa matsayin uwarsa yake bi, shi ya sa sunan uwa ke fitowa, na uba da ƙyar.

Ɗauki George Washington. A 1799 bayi 317 ne a gonarsa ta Mount Vernon, amma 123 kaɗai wasiyyarsa ta 'yanta. Wasu 153 gadon mijin matarsa Martha na farko ne. Da ta rasu a 1802 aka raba su ga jikokinta huɗu, aka raba miji da mata. Mai bincike sai ya bi takardun kowane jika, gida-gida.